Me Ya Sa Turawa Ke Ƙirga Wake, Ba Sa Ƙirga Shinkafa?

Ma'anar da kusan kowane ɗalibi ya haddace tun yana firamare ita ce sunaye a Turanci iri biyu ne: na abubuwan da ake iya ƙirgawa, da na waɗanda ba su ƙirguwa. Malam ya raba allo gida biyu, ya jera *book, pen, goat* a hagu, ya jera *water, sand, milk* a dama, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Ma'anar tana da daɗin hadda, tana kuma aiki, har ranar da wani yaro mai kan gado zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, to kuɗi fa?” Babu abin da ɗan Adam ke ƙirgawa safe da yamma kamar kuɗi, har inji aka ƙera don wannan aiki, amma ga *money* can a layin dama tare da ruwa da yashi. Kujeru da gadaje kuwa ko a duhu aka lalube su an san adadinsu, amma kalmar *furniture* ba ta karɓar lamba, ba ta karɓar *s* ɗin jam'i.

Shiga kicin ma ka ga abin mamaki. Wake ana ƙirga shi a Turanci, *a bean, two beans*, shinkafa kuwa *rice* ce kawai, ko cokali ɗaya ko tirela guda. Wani zai ce ai ƙwayar wake ta fi girma. To *lentils* fa, ɗan mitsitsin waken nan da Larabawa ke kira adas? Bai fi shinkafa da komai ba, amma da jam'i ake faɗarsa. Ƙwayar masara ta kai ta wake girma, amma *maize* ba ta da jam'i. Alkama *wheat* ce, tilo, 'yar'uwarta *oats* kuma jam'i. *Noodles* jam'i, *spaghetti* tilo, alhali duka taliya ce, kuma a Italiyanci, inda Turawan Ingila suka aro kalmar, *spaghetti* jam'i ce cikakkiya.

Gaskiyar magana ita ce wannan rabo na kalmomi ne. Yana nuna yadda masu harshen suka saba kallon abu idan sun kira shi da wani suna, kuma abin da ke cikin kwano ba shi da ta cewa. Wanda bai gane haka ba zai yi ta ƙirga ƙwayoyi a zuciyarsa yana neman hujjar da babu ita.

Ya kamata a fara sanin abin da rabon ke jawowa, domin a nan ne ake cin maki ko a zubar da shi. Sunan da ke ƙirguwa yana da tilo da jam'i, kuma idan yana tilo ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a jingina masa *a* ko *an* ko *the* ko *my* ko makamancinsu. Ba a cewa *I bought book*. Wanda ba ya ƙirguwa yana iya tsayawa da ƙafarsa, *I bought rice*, ba ya karɓar *a*, ba ya karɓar lamba, kuma aikatau ɗinsa na tilo ne ko da abin ya cika ɗaki: *the luggage is heavy*, ko da akwatuna goma ake nufi. Kalmomin yawa da ƙaranci su ma an raba musu gida. *Many* da *few* da *number* na masu ƙirguwa ne, *much* da *little* da *amount* na marasa ƙirguwa. Akwai 'yan ba-ruwanmu da ke shiga ko'ina, irin su *some, any, enough, plenty of, a lot of*, shi ya sa ɗalibi mai wayo in ya rasa tabbas a ɗakin jarrabawa yakan fake da *a lot of*. Dabarar rabin hanya take kai shi, don har yanzu sai ya yanke shawarar ko zai liƙa *s* a ƙarshen sunan.

Ba wai babu hankali a cikin tsarin gaba ɗaya ba. Otto Jespersen, masanin nan ɗan ƙasar Denmak da ya ƙarar da rayuwarsa a kan nahawun Turanci duk da ba harshen uwarsa ba ne, ya yi bayani a littafinsa *The Philosophy of Grammar* na 1924 cewa akwai kalmomin da ba sa kawo wa mai ji hoton wani abu mai siffa ko iyaka tsayayya. Ya haɗa na zahiri, kamar ruwa da azurfa da man shanu, da na baɗini, kamar kiɗa da nasara. Daga baya masanin falsafa W. V. O. Quine, a 1960, ya jawo hankali ga wata alama: ka zuba ruwa a kan ruwa, abin da ka samu ruwa ne, ka ajiye akuya kusa da akuya, ba akuya ka samu ba, awaki ka samu. Wannan gwaji yana aiki sarai a kan mai da gari da hayaƙi da zuma. Inda yake fara tangal-tangal shi ne wajen *furniture, luggage, equipment, jewellery, cutlery*, domin waɗannan duka abubuwa ne ɗai-ɗai masu siffa da iyaka.

A 2005 David Barner da Jesse Snedeker sun wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi a mujallar *Cognition*. Sukan nuna wa masu jin Turanci, manya da yara 'yan shekara huɗu, abu babba guda ɗaya a gefe, da ƙanana uku a ɗaya gefen, su tambaya wa ya fi yawa. Idan man goge baki ne ko makamancinsa, mutane sukan zaɓi babban tuli ɗaya. Idan aka yi tambayar da kalma irin *furniture*, sai su zaɓi ƙananan nan uku. Wato Baturen da ba zai taɓa cewa *three furnitures* ba, a cikin kansa ƙirga kujerun yake yi. Idonsa yana ganin abin da idonmu ke gani, nahawunsa ne ya hana shi faɗa.

Wannan ya kawo mu ga Bahaushe, kuma a nan nake son a ɗan zauna. Hausa ma ta san bambancin abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa. Kowa ya je kasuwar hatsi ya san gero da mudu ko tiya ake sayensa, dawa a gona da dami ake lissafa ta, man gyaɗa da kwalba, goro da doya kuwa ƙirgawa ake yi, ɗari ta cika a ce ƙwarya. Sai dai Hausa ba ta ɗora wa ƙananan kalmominta nauyin wannan bambanci ba. “Nawa” ita ce tambayar kuɗin mota, ita ce tambayar adadin fasinja, inda Turanci ke neman *how much* a farko da *how many* a na biyu. “Da yawa” ta ɗauke aikin *much* da *many*. “Kaɗan” ta ɗauke na *little* da *few*. Ga shi kuma Hausa ba ta tilasta jam'i bayan an ambaci adadi: mota biyu, shekara goma, buhu hamsin, duka daidai ne, babu mai ɗaga gira. Ba mu da wata kalma da ke yin aikin *a* da *an* sak, domin “wani” da “wata” ba dole ba ne a jumla, kuma ma'anarsu ta ɗan bambanta. Saboda haka yaron da ya tashi da Hausa yana shiga ajin Turanci ne ba tare da wani kunne da ke jin wannan rabo ba. Sai an gina masa shi daga tushe.

Babban tarkon yana wurin kalmomin da Hausa ta ba jam'i lafiyayye, Turanci ya hana. Muna da labari da labarai, bayani da bayanai, shawara da shawarwari, kaya da kayayyaki, aiki da ayyuka, shaida da shaidu, bincike da bincike-bincike. Mai rubuta wasiƙar neman aiki ya yi tunanin “bayanai” a ransa, hannunsa ya rubuta *informations*. Shugaban makaranta ya gode wa baƙo saboda “shawarwari”, sakatare ya buga *advices*. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ba a nan kaɗai ba. Ɗalibin Zinder ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci yana da tarko biyu, domin Faransanci ma yana cewa *des informations, des conseils, des meubles, des bagages*, duka da jam'i, sai ya zamana harsuna biyu suna tura shi wuri guda, Turanci shi kaɗai yana cewa a'a. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure kuwa yana da abin kamawa, don ya san *tamr* sunan jinsin dabino ne, in ana son ƙwaya ɗaya a ce *tamra*, kamar yadda *shajar* ke zama *shajara*. Tunanin jinsi da ɗaya daga cikinsa ba baƙo ba ne gare shi. Malamin Turanci da ya san haka zai iya rage wa irin wannan ɗalibi wahalar wata guda cikin darasi ɗaya.

Dubi teburin mai shayi da safe. Mutum ya zauna a benci da abokinsa ya ce, “Shayi biyu, biredi ɗaya, a soya ƙwai uku.” A Hausa duka ukun tafiyarsu ɗaya. A Turanci kowanne da hanyarsa. *Three eggs* ba gardama. *Two teas* ma daidai ne, domin Turawa sun yarda a ƙirga abin sha idan an san kofi ko kwalba ake nufi, shi ya sa ake jin *two coffees* a gidan abinci. Amma *one bread* ba ta wuce ba a daidaitaccen Turanci, sai an ce *a loaf of bread*. Me ya sa aka yafe wa shayi aka kama biredi? Sabo ne kawai. Haka sabulu yake neman *a bar of*, alli *a piece of*, takarda *a sheet of*, shinkafa *a grain of* ko *a bag of*. Wannan fanni bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, tunda mu ma muna cewa ƙwayar shinkafa, silin gashi, sandar rake, curin sabulu. Abin da ke yi mana nauyi a baki shi ne a ce shawara ma sai an gutsuro ta, *a piece of advice*, ko labari, *a piece of news*. Sau da yawa ma akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, domin Turanci yakan ajiye kalmomi biyu kusa da juna, ɗaya tana ƙirguwa ɗaya ba ta yi: *work* da *job*, *luggage* da *suitcase*, *money* da *coin*, *poetry* da *poem*, *machinery* da *machine*, *homework* da *assignment*, *advice* da *suggestion*. Marubuci mai gwaninta in yana son jam'i sai ya tsallaka ga ta biyun.

Jerin nan biyu na allo yana ɓoye wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci: ɗimbin sunaye suna zaune a layi biyun lokaci guda, ma'anarsu ce ke sauyawa. *Paper* takarda ce a matsayin abin da aka yi littafi da shi, *a paper* kuwa jarida ce, ko maƙala, ko takardar jarrabawa. *Glass* gilashi, *a glass* kofin gilashi, *glasses* tabarau. *Iron* ƙarfe, *an iron* dutsen guga. *Chicken* naman kaza a faranti, *a chicken* kaza tana yawo a tsakar gida. *Room* sarari, *a room* ɗaki. Direban da ya ce *there is no room* cewa yake mota ta cika. *Experience* ƙwarewar da ake nema a takardar neman aiki, *experiences* abubuwan da suka faru da mutum. *Hair* gashin kai gaba ɗaya, *a hair* silin da aka tsinta a miya. Wani lokaci ɗan *s* ɗin nan yana da tsada: *damage* ɓarna ce, *damages* kuwa diyyar da kotu ke yankewa. Sannan kusan duk wani suna marar ƙirguwa yana iya ɗaukar jam'i in ana maganar ire-irensa, kamar *the cheeses of France* ko *vegetable oils*. Haka kuma mai ƙirguwa yana iya narkewa ya koma ɗaya layin, kamar a ce *you have egg on your shirt*. Saboda haka tambayar da ta dace a yi game da suna ita ce: a wannan jumlar, da wannan ma'anar, wane layi ya hau?

Wanda ya fi kowa sauƙaƙa wa ɗalibai wannan tambaya shi ne A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya je koyarwa Japan a shekarun 1920. Harshen Japananci ba shi da *a* da *the*, kuma ba ya tilasta jam'i, don haka ɗalibansa suna tuntuɓe daidai inda namu ke yi. Yawancin ƙamusoshin Turanci zalla da ke akwai a lokacin don 'yan gida aka rubuta su, waɗanda ba sa buƙatar a gaya musu ba a cewa *an advice*. Ƙamus ɗin da Hornby ya haɗa da abokan aikinsa biyu, E. V. Gatenby da H. Wakefield, ya fito a Tokiyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a cikinsa an riƙa sa wa sunaye alamar C ga mai ƙirguwa da U ga marar ƙirguwa, ma'ana bayan ma'ana. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, shi ne ya zama *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ke kan teburin malamai da yawa a makarantunmu. Abin takaici, ɗalibai da dama sun yi shekaru suna buɗe shi ba su taɓa tambayar me waɗannan haruffa biyu ke yi a gaban kalma ba.

Tarihi ma ya nuna layin ba a kafe yake ba. A da Turawa suna da kalmar *pease*, marar ƙirguwa kamar *rice*. Da yake ƙarshenta yana da sautin jam'i, sai mutane suka ɗauka jam'i ce, suka yanke mata wutsiya, aka sami *a pea* a wajejen ƙarni na 17. *Cherry* ma haka ta samu, daga wata kalmar tsohon Faransanci mai ƙarewa da irin wannan sauti. *News* ta bi hanyar a juye: asalinta jam'i ce, yau ana cewa *the news is good*. Mu ma muna da irinta, domin “kuɗi” asalinta jam'in “wuri” ce tun zamanin da ake ciniki da shi, har ta zauna da gindinta muka sake yi mata wani jam'in, kuɗaɗe. *Data* jam'in *datum* ce a Latin, amma yau mafi yawan masu magana suna cewa *the data is*, ko da yake wasu mujallun kimiyya na nan kan *the data are*. A idonmu *email* ta rabu da uwarta: *mail* ba ta ƙirguwa, amma kowa yana aika *two emails*. Tsakanin Turawan ma ba a gama daidaitawa ba, don ɗan Birtaniya yana neman *accommodation*, Ba'amurke yana neman *accommodations*.

Rigimar *less* da *fewer* kuwa an fi ƙarfinta da surutu. Ƙa'idar da ake koyarwa, cewa *fewer* ta masu ƙirguwa ce *less* ta marasa ƙirguwa, an fi danganta ta da wani marubuci Robert Baker, wanda a 1770 ya bayyana ta a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji. Kafin shi Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna sa *less* a gaban jam'i, tun zamanin Sarki Alfred a ƙarni na 9. Ra'ayin mutum ɗaya ya zama doka, har ta kai a 2008 kantunan Tesco na Birtaniya suka fara sauya allunan da ke cewa *ten items or less* zuwa *up to ten items* don su huta da masu gyara. A rubutun hukuma a bi ƙa'idar. A dai tuna kuɗi da lokaci da nisa *less* suke ɗauka ko da akwai lamba: *less than ten kilometres*.

Akwai wasu 'yan tsiraru da suka ƙi layi biyun duka, irin su *cattle* da *police* da *clothes* da *trousers*, masu tafiya da aikatau na jam'i amma ba su da tilo. Makiyayi ba shi da *a cattle*, sai *a cow* ko *a bull*. Waɗannan hadda kawai suke so.

Saura tambayar da ke tayar da jijiyar wuya a tsakanin malamai. Tunda *equipments* da *furnitures* da *staffs* sun cika jaridu da takardun ofis a Nijeriya, ana kuma jin irinsu a Ghana da Indiya da wasu ƙasashen da Turanci ya zama harshe na biyu, shin kuskure ne har yanzu, ko sun zama Turancinmu? Masu nazarin Turancin Nijeriya, irin su David Jowitt a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991, sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a. Masu kare ta suna da hujja mai ƙarfi: babu wanda ya taɓa kasa fahimtar *equipments*, tsarin yana da ma'ana, kuma abin da ya faru da *pea* da *email* shi ne ke faruwa a nan. Suna ƙarawa da cewa a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya irin su *okada* da *danfo* da *Kannywood*. Ni ma ban ga dalilin yi wa mai cewa *advices* dariya ba, don ba rashin tunani ya jawo masa ba, tunanin ne ma ya kai shi can. Amma shigar kalma ƙamus daban, sauya nahawu daban. Mai gyaran takardar WAEC ko NECO, da mai duba IELTS, da editan mujallar ilimi, daidaitaccen Turanci suke bi, kuma jan biro ba ya sauraron tarihin *pease*. Malamin da ya ce wa ɗalibi “ai duk ɗaya ne” ya cuce shi, domin ɗalibin ne zai biya kuɗin sake zama jarrabawa.

Roƙona ga malamai shi ne a daina tsayawa kan “abin da ake iya ƙirgawa”, a daina ba yara suna shi kaɗai. A rubuta shi da abokan tafiyarsa, *some advice, a piece of advice, much advice*, a sa su faɗa har kunne ya saba, a kuma gaya musu ƙarara cewa Hausa tana da “shawarwari” Turanci ba shi da ita. Kai kuma mai karatu, kalmomin da suka fi kayar da mu ba su da yawa: *advice, information, news, furniture, equipment, luggage, evidence, knowledge, homework, bread, traffic, progress*. Ka buɗe ƙamus ka duba harafin da ke gaban kowace, C ne ko U, kafin ka aika wasiƙarka ta gaba.